Sai mutum na biyu ya shiga sabar ake gane darasin ƙwarai

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya same ni shago bayan La'asar riƙe da wayarshi mai tsagaggen gilashi, ya ce Kawu don Allah wane tutoriyal zan bi in koyi haɗa sabar gem, na duba YouTube sun cika wuri kuma kowane cewa yake shi ne cikakke. Yaron aji 5 yake a sakandare, kuma ni na ja ma kaina, don tun yana firamare yake zama bayana yana kallon ina faɗa da baƙin allo. Na buɗe baki in ba shi suna guda, sai na ga ashe ba ni da shi. Abin da nake da shi kawai shi ne yadda nake gane darasin banza cikin minti 5, shi ma kau ba kyauta na same shi ba, na biya da data da barcin dare da kunya gaban yara.

Ga wanda bai san ni ba, ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta gare ni nan wajen Ƙofar Ƙaura, daga ciki kuma akwai wani lungu da na jera tsoffin kwamfutoci 6 'yan gwanjo, yara na biya su buga gem daga an taso makaranta har Magariba. Injinan ba su iya ɗaukar gem na zamani, amma GTA San Andreas da ya fito 2004 ya iso kwamfuta 2005, gudu yake kansu kamar an zuba mashi mai. To akwai wani ƙari da masu sha'awa suka yi mashi, SA-MP, wanda ke sa mutane da yawa su shiga gari ɗaya lokaci guda kowa da mutuminshi. Shi gem ɗin gari kawai ya ba ka, tituna da motoci da bindigogi, doka kau babu ko ɗaya. Wa ke ɗan sanda, nawa ake sayen gida, mi zai faru in an harbe ka, wa ke da ikon korar wani, duk kai mai sabar, wato kwamfutar da kowa ke jonawa da ita a yi wasan tare, za ka rubuta, kuma wannan rubutun shi ake ce ma sikirif. A SA-MP da wani yare ake rubuta shi mai suna Pawn, na kamfanin CompuPhase da ke ƙasar Holan, yana kama da yaren C sai dai an rage mashi kaya. Ka rubuta cikin fayil mai .pwn, ka danna F5 cikin Pawno, manhajar da ake rubutun a cikinta, kompaila ya juya shi ya koma .amx, sabar ta ɗauka ta yi aiki da shi. A baki dai ke nan.

Darasin farko da na bi tsakani da Allah na tsarin admin ne. Bidiyo ne dogo, mai shi ba ya gaggawa, muryarshi kwance, kuma wallahi duk abin da ya rubuta ya yi aiki gaban idona. Na kwaikwaya layi bayan layi, na gwada ni kaɗai cikin dare, na sa kalmar sirri na zama admin, na rubuta magana sai ga kalmar Admin ta fito gaban sunana da ja, har sai da na miƙe tsaye don murna. Na kwanta ina jin na zama injiniya.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci lungu ya fara cika. Ni na fara shiga ta kwamfuta ta ɗaya, don haka lambata 0, na zama admin, na ɗan zaga gari ina nuna ma yara iko. Sai ga wata Hajiya da wayar da jikanta ya tsoma ma cikin kunu, na fita daga gem ɗin na fito gaba na hau kwance waya. Ban yi minti 10 ba na ji lungu ya kaure da ihu. Ashe wani ɗan ƙaramin yaro da bai fi shekara 9 ba, wanda ko tuƙi bai iya ba cikin gem ɗin sai karo da turakun wuta, shi ya shiga bayan fitata, ya rubuta wani shirme a wurin hira sai ga Admin gaban sunanshi da ja. Wani babba da ke kusa ya gani, ya ba shi alewa ya karɓe kibod, ya bi sauran huɗun yana kora ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sake shigowa ya sake korar shi. Ɗaya har da kuka, wai rabin awar da ya biya ta ƙone. Hajiya na tsaye riƙe da murfin wayarta ta ce kai ɗan nan lafiya kau cikin can? Na ce lafiya lau Hajiya, ina zufa. Ranar sai da na maida ma mutum ukku kuɗinsu.

Abin da ya faru ƙarami ne har yana ba ni haushi in na tuna. Sabar ba ta san sunanka ba a cikin sikirif, lamba take ba ka, playerid, daga 0 zuwa sama, a sigar 0.3.7 ta 2015 har mutum 1000 take iya ɗauka, wato 0 zuwa 999. In ka fita lambarka ta zama fanko, wanda ya shigo bayanka ita za a miƙa mashi. Ni kau darasin ya sa na ajiye matsayin admin ne a jikin lambar, bai taɓa ce mani in share ba in mutum ya fita. Kofin mai shayi ne sak. Kofi 10 gare shi, mutum 100 za su sha a rana, abin da ya raba mai shayin kirki da ƙazami shi ne wannan bokitin ruwan da ke ƙarƙashin tebur. Na sha na tashi, ba a ɗauraye ba, yaro ya zo ya tarar da sauran madarata. Layi guda ne gyaran, cikin OnPlayerConnect ko OnPlayerDisconnect, wato wuraren da sabar ke sanar da sikirif wani ya shiga ko ya fita, ka maida komi na wannan lambar sifili, gara ma ka yi a duka biyun.

Na daɗe ina tunanin don mi mai bidiyon bai faɗa ba. Ba na jin mugunta ce. Shi kaɗai yake cikin sabar ɗinshi, kan kwamfutarshi, ya shiga ta 127.0.0.1:7777, adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi, kullum shi ne 0, ya fita ya dawo shi ne 0, ya kashe sabar ya kunna komi ya share kanshi. Babu ta inda zai ga ɓarakar. Wannan kuma ita ce cutar da ta fi yawa cikin darussan harkar nan, ana koyar da wasan mutane da yawa da mutum ɗaya. Akwai ma wanda ya fi nawa muni, wanda za a ajiye abu a ma'aji guda ɗaya tal na kowa da kowa maimakon kowa da nashi, kai kaɗai komi lafiya, mutum na biyu na shiga sai ka ga ya sayi mota an cire kuɗin a aljihunka ko kuma kun koma amsa tambaya ɗaya. Haka agogon kurkuku, ka kulle mutum minti 5 da SetTimerEx ka ba agogon lambarshi, shi kau ya yi fushi ya fita, wani bawan Allah ya shigo ya gaji lambar yana cikin tseren mota, lokaci na cika a fizge shi daga sitiyari a dire shi ƙofar kurkuku a ce mashi an sallame ka, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai ka kashe agogon da KillTimer lokacin da mai laifin ya fita. Wanda bai taɓa gwadawa da mutum biyu ba ko a mafarki ba zai ga wannan ba.

Shi ya sa yanzu in an turo mani darasi ban farawa daga farko. Ƙarshe nake zuwa, wurin gwaji, in ga mutum nawa ne cikin sabar. In na ga ya kira abokinshi, ko ya jona kwamfuta ta biyu, ya sa ɗaya ya fita ɗaya ya shigo, ya ce to mu ga mi zai faru, sai in gyara zama in koma farko in saurare shi da ladabi. In kau shi kaɗai ne tsaye tsakiyar titi yana cewa kun ga ya yi, to sai in leƙa ko ya taɓa OnPlayerDisconnect ko sau ɗaya. Bai taɓa ba, na rufe.

Abu na gaba da nake nema ya shafi amana, kuma duk wanda ya taɓa tsare shago ya san shi tun kafin ya ga kwamfuta, littafin bashi hannun mai shago yake zama. Ba ka ba mai cin bashi littafin ya tafi da shi gida sannan gobe ka tambaye shi nawa ake binka. To a SA-MP kuɗin nan kore da kake gani saman allo, a kwamfutar ɗan wasa yake zaune, in sikirif ya kira GetPlayerMoney tambayar kwamfutar mutumin yake nawa gare ka, ita kau abin da mai ita ya sa ta faɗa shi take faɗa. Akwai 'yan manhajojin maguɗi da ke sauya wannan lambar, yaran yanzu kuma sun fi mu sanin inda ake samo su. Na taɓa dawowa sallar Isha'i na tarar wani ya saye gidajen unguwa guda cikin gem ɗin alhali da yamma ko kuɗin keke ba shi da shi. Darasin kirki tun ranar da ya fara maganar kuɗi zai ce maka ka riƙe naka lissafin a sabar, wancan na saman allo ado ne kawai, in sun saɓa naka ne gaskiya ka goge nashi ka maida mashi naka.

Wannan ba a SA-MP kaɗai ba ne. MTA, wanda shi ma kan San Andreas yake amma da Lua ake rubuta mashi, ya raba sikirif gida biyu, na sabar da na kwamfutar ɗan wasa, suna aika ma juna saƙo. FiveM na GTA V haka, Roblox da RemoteEvent ɗinshi haka. Duk inda kwamfutar ɗan wasa ke iya aiko da saƙo, to ka ɗauka wata rana za ta aiko da ƙarya. In darasi ya nuna maka shagon bindiga inda ɓangaren ɗan wasa ke aiko ma sabar cewa na sayi kaza farashinta kaza, sabar ta amsa da to, wannan ya koya maka barin ƙofa buɗe ka tafi biki. Abin da ya kamata ya aiko shi ne ina son kaza, ita sabar ta duba farashi a nata littafin, ta duba kuɗinshi, ta duba ma ko yana cikin shagon da gaske ko daga wani dutse can yake turo saƙo. A MTA har sun tanadi kalma ta musamman, client, wadda sabar da kanta ke cikawa da ainihin wanda ya aiko, don ɗayar kalmar, source, ana iya yi mata ƙarya, amma sai ka ga darasi ya wuce wurin ko tari bai yi ba.

Ga wani ɗan tarko da nake gwada darussan rajista da shi. A Pawn na SA-MP in za ka kwatanta rubutu biyu strcmp ake kira, in sun yi daidai ya ba ka 0, wanda shi kanshi juyayye ne ga sabon shiga. To amma in ɗaya daga cikin biyun fanko ne, nan ma 0 yake bayarwa. Ka ga ke nan akwatin kalmar sirri ya fito, mutum bai rubuta komi ba ya danna shiga, sikirif ya ce daidai ne bismillah. Darasin da ya tsaya nan ya yi maka hannunka mai sanda, mai shi ya taɓa ƙonewa, ka riƙe shi. Ballantana wanda zai sa ka ajiye kalmomin sirrin mutane tsirara cikin fayil a scriptfiles, kowa ya buɗe folda ya karanta, alhali yaran nan kalma ɗaya suke sawa a gem da Facebook da komi nasu. Akwai bcrypt, mai murɗa kalmar sirri ta yadda ba mai iya karanta ta, an yi ma SA-MP filogin ɗinshi, ba wani aiki ne mai wuya ba.

Sai maganar kwanan wata, wadda ta ci mani dare ukku. Na zo haɗa sabar da MySQL, wani rumbun ajiye bayanai, don in daina ajiye bayanan yara a ƙananan fayiloli, na samu darasi mai kyau rubutacce, na sauke filogin sabo fil, na bi komi, ya ƙi haɗuwa. Na sauya kalmar sirri, na goge rumbun na sake, na zargi kwamfuta, na zargi kaina, har na fara zargin ko wani ya yi mani baki. Ashe darasin da siga R39 aka rubuta shi, inda mysql_connect ke karɓar sunan rumbu kafin kalmar sirri, ni kau na sauke ta bayan R40 inda aka juya su, kalmar sirri ta riga sunan rumbu. Duka biyun rubutu ne, kompaila bai ga laifi a wannan layin ba, ni kuma ina ta miƙa ma mai gadi sunan gida a matsayin makulli. Da mai darasin ya sa layi ɗaya a sama, na rubuta wannan da siga kaza a shekara kaza, da ban yi asarar man janareta ba. Kayan nan motsi suke. FiveM ya bar __resource.lua ya koma fxmanifest.lua, a 2023 ma Rockstar da kansu suka ɗauke masu yin shi, Cfx.re, suka zama nasu. SA-MP ya tsaya cak, wasu suka taso da open.mp wanda ke karɓar tsoffin sikirif amma ya zo da nashi sauye-sauyen. Darasin da bai faɗi sigarshi ba kamar maganin da aka kankare ma ranar lalacewa ne, mai yiwuwa lafiya lau yake, amma wa zai ba ɗanshi.

Ni a gareji na fara koyon sana'a kafin in koma waya, kuma ogana bai taɓa kai ni gaban lafiyayyar mota ya ce kalli yadda take tashi ba. Matacciya yake nuna mani, ya ce saurara, wannan ƙarar ta mene ce. Masu darasi da yawa kunya suke ji a ga sun yi kuskure, sai su yanke wurin, bidiyo ya fito sumul daga farko har ƙarshe babu ja ko ɗaya. Kai kau da ka danna F5 sai jajayen layuka sun zubo maka, ka rasa wa za ka tambaya ƙarfe 1 na dare. Na fi son wanda zai cire alamar ; da gangan ya danna ya ce ga kuskure mai lamba 001, kuma ku lura layin da ya ambata sau da yawa na ƙasa ne, ɓarnar tana layin da ke samanshi. Ya ɓata harafi guda cikin suna ya nuna 017, wato kompaila bai san wannan sunan ba, kuma a Pawn babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ya nuna 100, wanda ke nufin an nemi wani fayil cikin foldar include ba a same shi ba, wani lokacin kuma fayil ɗin na nan, kai ne ka buɗe Pawno na wata foldar daban. Ya ce gargaɗi 217 ba zai hana aiki ba, layukanka ne ba su jeru ba, amma ka gyara don ranar da za ka dawo karanta abinka. Ko wannan na ranar farko, ka danna samp-server.exe baƙin allo ya ƙyafta ya ɓace, kai ta dannawa yana ɓacewa, alhali dalili na rubuce cikin server_log.txt, ba ka sauya rcon_password daga changeme ba a server.cfg, sabar kuma ba ta yarda ta tashi da shi. Mutum nawa suka haƙura da harkar gaba ɗaya a wannan ƙofar, Allah kaɗai ya sani.

Ina da aboki da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kullum musunmu ɗaya, shi a ganinshi tutoriyal duk ɓata lokaci ne, ka buɗe littafin bayanin yaren da na sabar ka karanta kawai. Yana da gaskiya rabi. A can ne za ka ga irin ƙananan gargaɗin da ke ceton rai, misali saƙon SendClientMessage in ya wuce harafi 144 ba ya fita, ko kuma in ka aika ma mutum dalilin korarshi ka kira Kick nan take, korar na riga saƙon isa, sai ka ɗan jinkirta ta da agogo. Amma shi ya manta shekara 4 ya yi ana koya mashi yadda ake karanta irin wannan. Yaron da bai san mi ake nufi da callback ba, ka tura shi can kamar ka ba wanda bai iya baƙi ba ƙamus ne. Yana buƙatar wanda zai ce mashi, ka ga OnPlayerDeath ɗin nan, ba kai ke kiran shi ba, sabar ke ƙwanƙwasa maka ƙofa duk lokacin da wani ya mutu, ta miƙo maka wa ya mutu, wa ya kashe shi, da mi, kai naka ka tanadi abin da za ka yi in an ƙwanƙwasa. Ya ce mashi return ɗin da ke ƙarshe ba ado ba ne, a OnPlayerCommandText in ka maida 0 sabar za ta ce ma mutum ba ta san umarnin ba, a OnPlayerText kau 0 na nufin kada maganarshi ta fita kowa ya gani. Daga nan darasin kirki sai ya kama hannunshi ya kai shi wancan littafin da abokina ke so, ya nuna mashi yadda ake nema, don ya daina dogara da mai bidiyo.

Wani wuri da ke nuna ko mai darasi ya taɓa riƙe sabar mai jama'a shi ne OnPlayerUpdate. Wannan ƙofar ana ƙwanƙwasa ta wajen sau 30 a daƙiƙa ɗaya kan kowane ɗan wasa da ke motsi. Na ga darasin da ya sa ajiye bayanan mutum cikin fayil a nan, wai don kada komi ya ɓace. Kai kaɗai ba za ka ji komi ba. Mutum 50 fa, rubutu 1500 ke nan a daƙiƙa, kuma Pawn abu ɗaya yake yi a lokaci guda, yana wannan kowa jira yake, sai ka ga motoci na tsalle mutane na tafiya cikin bango ana ta zagin netwok alhali netwok bai yi laifi ba ranar. Nan ma dai mutum na biyu ne, da na goma, da na hamsin.

Akwai kuma abin da ba na ɗora ma masu darasin waje laifinshi amma dole ɗan Katsina ya sani. Za su ce maka ka shiga rauta ɗinka ka buɗe ƙofa 7777 abokanka su shigo daga gidajensu. Su intanet na kebul aka ja masu har ɗaki. Mu da ke kan layin waya da hotspot, adireshi ɗaya kamfani ke raba ma ɗimbin mutane, ko ka kwana buɗe ƙofa a na'urarka ba mai iso ka daga waje. Ko dai ku jona kebul ɗaki guda irin nawa lungun, kowa ya shiga ta adireshin cikin gida na babbar kwamfuta mai farawa da 192.168, ko ka yi hayar sabar a waje, mafi yawa Turai, a biya da dala ko yuro, ga jinkirin saƙo da ke haura milisakan 100 ko a ranar da netwok ke da kirki. Ga data, bidiyon awa guda in kana son ka iya karanta kod ɗin da ke allo sai ka ɗaga ingancinshi ya lashe maka kusan giga guda, in ka rage kuma ba ka bambance ; da : balle { da (. Ga wuta da za a ɗauke kana minti na 23. Don haka ni rubutaccen darasi na fi so nesa ba kusa ba, in sauke shi in ajiye, in karanta a waya ina jiran kwastoma, bidiyo kau gajere don a nuna mani sakamako ya ishe ni. Kuma ƙarami nake so, abu ɗaya a gama shi. Wanda zai ce ka sauke ƙaton sikirif na wasu mai layi dubbai ka sauya suna ka ce naka ne, ranar da ya lalace ko inda za ka fara dubawa ba ka sani ba.

In da Hausa za a yi, wanda ina fata wani ya yi, roƙona kada a ce sai an fassara OnPlayerConnect ko playerid, kompaila ba ya jin Hausa, a bar su yadda suke a yi bayanin aikinsu da harshenmu. Bayanin shi muke nema.

Duk wannan ban zayyana ma ɗan yayata ba, da ya yi barci a tsaye. Aiki na ba shi. Na ce je ka nemi duk darasin da ka ga dama ka rubuta mani umarni guda, /ba, mutum ya rubuta lambar abokinshi da adadi a cire daga nashi a ƙara ma wancan, amma sharaɗi ba ni za ka nuna ma ba, abokinka za ka zaunar a kwamfuta ta biyu ka ce mashi ya yi ƙoƙarin cutarka. Jiya ya dawo da filashi yana washe baki, ya ce Kawu ya yi, babu ja ko ɗaya, har da sscanf mai tsinto lamba da adadi daga cikin umarni na sa, kuma na hana mutum ba da abin da ya fi kuɗinshi, na hana a ba lambar da ba kowa kanta. Na ce madalla, ku shiga ciki. Na ci gaba da narka dalma kan wata caji-fot.

Ko minti 10 ba a yi ba na ji ya ƙwala kira, Kawu kuɗina sun ƙare kuma ni ban ba kowa ba. Na leƙa, abokin na ta dariya har da riƙe ciki, a allonshi ga abin da ya rubuta nan sau huɗu jere, /ba 0 -5000. Yaron ya tsaya yana kallon alamar ragin nan yana motsa baki, yana lissafin in aka cire ragin 5000 daga aljihun mutum mi ya faru ke nan. Ya juyo zai tambaye ni na ce ni waya nake gyara. Har aka kira Magariba suna ciki, na ji F5 na ta ƙara, sannan na ji abokin na cewa to tashi mu sauya kujera, saura in gwada sifili.